Galan Mai Lamba Tara

Ni ba ɗan masunta ba ne. Gara in faɗi wannan tun farko, domin a ƙasarmu su gado ne, kuma wanda ya tsinci labarina daga tsakiya zai zaci a bakin ruwa aka yanke mini cibiya. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, tela ne a cikin garin Daura, keken ɗinkinsa yana nan ɗakin Inna an lulluɓe shi da tsohon zane. Ruwan da na sani ina yaro shi ne kududdufin bayan unguwa, inda muke satar iyo da damina, mu dawo gida jan ido ya tona mana asiri a zane mu.

Kafin wannan, da babur nake ci. Ina ɗauko shinkafa da taliya da man girki daga wajen Kongolam in shigo da su gari, wata rana har sawu uku. Ba zan yi wa abin kwalliya ba, fito ne, kowa ya san sunansa. A watan Agustan 2019 gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa. Maimakon in haƙura sai na ƙara ƙaimi, tunda kaya sun yi tsada riba ta ninka. Na karɓi kayan mutane bashi, wata asuba suka salwanta a hanyar daji, na tsira da raina da babur ɗin. Shi ma bai yi kwana goma a hannuna ba na sayar na rage bashi. Ina cikin lissafin ta inda zan ɓullo sai ga korona. A watan Afrilun 2020 aka kulle Daura, mu aka fara kullewa a jihar Katsina, azumi kuma ya riske mu a haka. Akwai daren da ina kwance ina jin mai ɗakina tana kankare gindin tukunya a hankali don kada in ji. Na ji, na kuma yi kamar barci nake.

Bayan ƙaramar salla ina zaune a garejin wani abokina makanike, ba aikin fari ba na baƙi, ƙanena ya miƙo mini waya ya ce, "Yaya, dubi abin da Turawa ke yi." Wasu mutane ne a Amurka cikin jirgin ruwa mai inji, suna jefa fararen galan-galan a kogi ɗaya bayan ɗaya, kowanne da zare da ƙugiya a ƙarƙashinsa. Suka yi gaba abinsu suna hira. Da suka juyo, ga galan ɗaya yana rawa, ya nutse ya taso, ya nutse ya taso, yana gudu kamar mai rai. Suka bi shi suka jawo wani kifi mai gashin baki, ɗan'uwan tarwaɗarmu, kaurinsa ya kai cinyar ƙato. Ƙanen nawa yana jin Turanci, ya ce wai a wasu jihohinsu doka ce sai mutum ya rubuta sunansa da adireshinsa a jikin kowane galan. Muka tuntsire da dariya. Na ce su kam ba su da aikin yi, wa zai sa wa galan suna kamar jariri?

Ina dariyar idona yana kan tulin galan-galan na man inji da ke bayan garejin, masu cin lita huɗu-huɗu, an zubar rana tana dukansu.

Guda goma sha biyu na kwasa a buhu. Kwana biyu na yi ina wanke su a bayan gida da ruwan zafi da toka da yashi, in girgiza in zubar, in sake, har sai da hancina ya daina jin mai. Murfin kuwa na yanko robar tsohon tif na shimfiɗa a baki kafin in murɗa, don kada ruwa ya shiga. Zare na samu wajen mai gyaran takalmi, zaren taya, wanda ake zarowa daga tsohuwar tayar mota. Ba ya ruɓewa a ruwa, kuma kafin ka tsinka shi da hannu sai ya yanka ka. Na ɗaure shi a mariƙin galan, na auna gaba uku, na ɗaura tsohon fulogin babur don ya ja shi ƙasa, sannan ƙugiya a ƙarshe. Ƙugiyoyin ne kawai na saya da kuɗi, su ma ban san lamba-lamba ba ne, ban san ƙaramar lamba ita ce babbar ƙugiya ba. Na ce wa mai shago ya ba ni babbar lamba tunda babban kifi nake so, ya kwaso mini 'yan mitsi-mitsi, kunya ta hana ni in mayar.

Jirgi ba ni da shi. Tif ɗin babbar mota na aro wajen mai faci, na hura, na ɗaure tsohuwar tabarma a tsakiya, silifas biyu a hannu su ne abin tuƙi. Keken hawa na maƙwabci na ara. Mai ɗakina na ce mata na samu gadin wata gona a wajen gari, kwana ake yi. Ƙarya na yi mata, kuma ba tsoron ta hana ni ne ya sa ba. Girman kai ne. Mutumin da jiya yake shigowa unguwa da buhu uku a bayan babur, yau a ce yana tona tana a bakin kwata yana zubawa a gwangwani.

Dam ɗin Sabke na nufa. Na isa bayan la'asar, na nemi lungun da babu mutane, na jira magariba ta yi na yi salla a kan buhu. Sannan na shiga. Wanda bai taɓa zama a kan tif cikin duhu, ƙafafunsa na lilo a ruwan da bai san zurfinsa ba, kada ya yi gaggawar cewa shi jarumi ne. Duk abin da ya shafi ƙafata sai in ji hanjina ya kaɗa. Na watsa galan-galan ɗin, na fito ina kyarma, na zauna da tocila ina haska su har batir ya yi sanyi.

Da asuba na tsinci goma. Bakwai an cinye tanar an bar mini ƙugiya fayau, aikin ƙananan karfasa. Ɗaya ya sha ruwa ya yi rabi. Biyu kuwa suna da tarwaɗa, ba manya ba, kowacce kamar tsawon kamu. Na riƙo ta farko kamar yadda ake riƙe rake, ta banƙare ta soka mini ƙayar gefenta a tafin hannu, zafin har ƙwaƙwalwa. Amma ina dariya ni kaɗai a tsakiyar ruwa. Sauran galan biyun ban gan su ba, ban kuma damu ba. Galan ne, akwai tuli a gareji.

Da na isa gida na ce mai gonar ne ya ba ni kifi. Ta karɓa ba ta ce komai ba, ta yi mana miya da shi, yara suka side kwano. A kwana na huɗu tana wanke mini riga ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba, "Malam, gonar nan da kake gadi, a cikin ruwa aka shuka ta?" Na yi shiru. Ta ce, "Ka riƙa tafiya da rigar sanyi. Kuma hanjin kaza ya fi tana, maƙwabciyarmu mai sayar da abinci zubarwa take yi." Daga ranar ita ke tara mini a roba.

Sati na uku asirina ya tonu a bakin ruwa. Hadari ya taso daga gabas da tsakar dare, irin na farkon damina mai zuwa da iska kafin ruwa, ya kwashe galan-galan ɗina gaba ɗaya ya kai su inda masunta suka shimfiɗa kalli. Ƙugiya da raga kuwa ba sa haɗuwa a rabu lafiya. Gari na wayewa na hango mutane a kwale-kwale suna ɗago raga tana ɗauke da kayana kamar 'ya'yan kuka a reshe. Ba wurin gudu, tif ba ya sauri.

Aka kai ni gaban Sarkin Ruwa, a gindin wata bishiya inda suke saukar da kifi. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, rashin sani ne." Ya ce rashin sani ya fi dare duhu, amma ko a duhu mai shiga gidan mutane yana sallama. Ya tambaye ni ɗan wane ne ni a su, na ce ɗan tela ne. Aka yi dariya, wani ya ce to ga raga nan sai in ɗinke. Aka yanke mini kuɗin gyara, aka ce in kwashe tarkacena kada a sake ganina.

Akwai wani dattijo a gefe yana gyaran ƙugiyoyin mamari, dogon zaren nan mai jerin ƙugiyoyi, bai sa baki ba tun da aka fara. Sai ya miƙa hannu aka ba shi galan ɗaya. Ya jujjuya shi, ya buɗe murfi ya sunsuna, ya bi zaren da yatsa har ƙugiya. Ya ce, "Wa ya koya maka?" Na ce a waya na gani, Turawan Amurka ke yi. Ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Ya ce shi Basarke ne daga ƙasar Yawuri, kuma tun yana yaro, kafin ruwan Kainji ya ci garinsu a 1968, mahaifinsa da gora yake yin wannan a kogin Kwara: a toshe bakin gora, a ɗaura zare da ƙugiya, a sake ta ta bi ruwa. "Bature ya samu roba, mu muna da duma. Ban ga baƙon abu a nan ba sai wautarka." Sannan ya juya ya ce, "Sarki, a bar mini shi. In ya sake ɓarna a tambaye ni."

Baba nake ce masa, har yau ban taɓa kiran sunansa ba. Bai taɓa zaunar da ni ya ce yau darasi za a yi ba. Sai dai in yi abu ya ce "a'a," in sake ya yi shiru, shirun nan shi ne na ci. Ranar farko ya tsinke ƙugiyoyina duka ya zuba mini a hannu ya ce in kai wa masu kamun kawara. Ya sa na sake wanke galan uku da ya ce har yanzu suna warin mai, ya ce ruwan nan shi ake turawa famfo mutane su sha, kuma kifi ya fi ni hanci. Fulogin da na ɗaura dab da ƙugiya ya matsar da shi sama da taƙi biyu, don abincin ya riƙa lilo shi kaɗai, kifi ya haɗiya bai ji nauyi ba. Ya nuna mini ɗaurin ƙugiya: a zura zaren ta ido, a kwantar da shi a jikin ƙarfen, a naɗe sau bakwai, a dawo da bakin ta ƙarƙashi a ja. In kifi ya ja, ɗaurin ƙara cijewa yake. Ya kuma sa na jefa tsakuwa biyar-biyar a cikin kowane galan. Na ce na mene ne? Ya ce in jira dare. Da dare kuwa muna zaune a kwale-kwalensa, ba wata ba tocila, sai na ji ƙaras-ƙaras daga hagu. Ya ce, "Ga naka can yana kiranka."

Shi ya fasa mini kan tarwaɗa da wuƙa ya nuna mini wani abu ja a saman hargaginta, wato inda kifi ke numfashi a ruwa, mai rassa kamar 'yar ƙaramar bishiya. Ya ce da wannan take shaƙar iska kamar ni da shi, shi ya sa take tasowa ta yi ɓul a saman ruwa ta koma, shi ya sa kuma take kwana a ƙugiya da ranta alhali karfasa kafin asuba ta sheƙa. Wannan abu shi ne rabin cinikina: in na sa su a daro na yayyafa ruwa na rufa da jiƙaƙƙen buhu, har Daura suna motsi, kuma mai rai ba kuɗinsu ɗaya da matacciya ba. Idonta ƙanana ne, ba da su take kiwo ba. Gashin bakinta guda takwas da su take laluben abinci a duhu, saboda haka abin da ya fi wari shi ya fi kama ta. Hanjin kaza da ya kwana, yankakkiyar karfasa, ɗan kwaɗo, shinge in ya fito bayan ruwan farko. Abin da ya fi ba ni mamaki sabulu. Baba ya yanka sabulun wanki ƙanana kamar ƙwayar dabino ya soka a ƙugiya, na zaci zolayata yake. Tarwaɗa na cin sa, ƙananan kifi kuma ba sa damunsa, yana narkewa a hankali yana kai mata labari.

Tsawon zare ma ba ɗaya ba ne duk shekara, ni da na yanke gaba uku na ce an gama. Da bazara, in zafi ya yi zafi, can ƙasan ruwa ba daɗi gare su, sama-sama suke yawo da dare, gaba ɗaya ma ta isa. Da hunturu suna lafewa ƙasa, cinsu ya ragu, ka saki zare ka kuma rage buri. In ruwan farko ya sauka, rafi ya fara kawo jan ruwa, sai su yi ɗango zuwa bakin rafin, su shiga ciyawar da ruwa ya rufe su zuba ƙwai. Lokacin ne kamu ya fi sauƙi, lokacin ne kuma Baba ke hana ni zuwa wurin. Na taɓa yi masa gardama na ce wasu ai suna zuwa. Ya ce wasu ai suna cin irin shuka, in ina so in bi su hanya a buɗe take, sai dai ba a jirginsa ba.

Iska kuwa ita ce uwar aikin. Galan sakakke bawan iska ne. Da damina daga kudu maso yamma take busowa, da hunturu daga arewa maso gabas, kuma kafin ka jefa na farko sai ka san gaɓar da za ka je tsintarsu da asuba, ka san ragar wa ke tsakani.

Kafin shekara ta zagayo na biya kuɗin raga, na rage bashi, na sayi keken kaina. Mai ɗakina ta yanke tsohuwar ganga ta mayar da ita wurin banda, abin da bai shiga ba ɗanye ta kyafe shi, mata na zuwa har gida suna saye. Wasu samari uku a ƙauyen bakin dam suka ga abin yana yi, su ma suka tara galan-galan. Ni kuma kaina ya fara girma. Na kai guda ashirin, ina jefawa ina waƙa.

Ranar da nake son in ba da labarinta, cikin rani ce, sanyi ya fara ja baya amma iska na nan. Na jefa ashirin na tsinci goma sha tara. Na ɗan zagaya ban ga ɗayan ba, rana tana yi, masu saye suna jira a gari. Na ce a raina ɗaya dai. Na tafi.

Washegari da hantsi muna gindin bishiya ana rabon kifi, sai ga wani Bafulatani ya taho da sauri ɗauke da yaro a kafaɗa, yaron bai wuce shekara takwas ba. Yaron ne ya kawo shanu shan ruwa, ya ga galan a cikin ciyawar gaɓa, ya shiga ya ɗauko don ya samu na zuba nono. Zaren ya naɗe masa ƙafa, ya fizga, ƙugiya ta shige masa dunduniya ta gefe har ta wuce kunnenta, 'yar ƙayar nan da ke hana ta fita. Uban ya yi dabara bai ja ba, ya naɗo zaren da galan ɗin duka ya taho da su. Yaron ya gaji da kuka, sai ajiyar zuciya yake.

Uban ya ɗaga galan ɗin ya ce, "Na wane ne?"

Babu suna, babu alama. Galan ɗin man inji ne irin wanda ke kowane gareji. Mu huɗu ne masu irin wannan su a wurin, samarin nan uku suna tsaye, kowa ya kalli ɗan'uwansa. Ni kuwa tun daga nesa na gane shi. Na ga fulogin, na ga robar tif a bakin murfi. Na yi shiru. Ina so a rubuta wannan yadda ya faru: na yi shiru, har na sunkuya ina gyara buhun da ba abin da ya same shi. A cikin 'yan daƙiƙun nan na lissafa kuɗin allura, na lissafa abin da Sarkin Ruwa zai ce, na tuna an taɓa kora ta sau ɗaya.

Baba ya karɓi galan ɗin. Ya girgiza shi, tsakuwa ta yi ƙara. Ya bi zaren har dab da ƙafar yaron, ya duba ɗaurin, naɗi bakwai, bakin zare ta ƙarƙashi. Mutum biyu ne kawai a dam ɗin nan ke wannan ɗauri, kuma ɗayan ba ya su da galan. Bai kalle ni ba. Ya ce da uban yaron, "Ɗaurina ne. Ni za ka riƙe."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Baba, nawa ne. Jiya na bar shi." Muryata kamar ba tawa ba. Ya ce, "To kawo filaya," kamar dai abin da yake jira ke nan ya wuce wurin.

Ƙugiya in ta wuce kunne ba a jan ta baya, sai ta yaga nama. Baba ya sa uban ya rungume yaron, ni na riƙe ƙafar, ya tura ta gaba har tsinin ya ɓullo ta wani gefen, ya datse kunnen da filaya, sannan ya zare sauran ta inda ta shiga. Ihun da yaron ya yi, da yadda ƙafarsa ke karkarwa a hannuna, ba na jin zan manta. Na goya shi a keke uban na biye da mu a guje har asibitin da ya fi kusa, aka wanke ciwon aka yi masa allurar tetanus. Kuɗin kifin ranar da na jiya duka suka tafi. Da za mu rabu na ce wa uban ya yafe mini. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Na yafe. Amma da saniya ce ta haɗiye shi, da ba ka ce naka ba ne, ko?" Ban ba shi amsa ba, domin ban san amsar da zan bayar ta zama gaskiya ba.

Baba bai yi mini faɗa ba, ko kalma. Kwana uku dai bai ce in shiga jirginsa ba, ni ma ban tambaya ba. A kwana na huɗu na zo da gwangwanin jan fenti. Na zauna a gindin bishiyar nan, gaban kowa, na rubuta wa kowane galan lamba, na zana almakashi a gefe, alamar gidanmu, tunda an ce ɗan tela ne. Ƙanena da ya gani a gida ya ce, "Yaya, ashe an yi wa jariran suna." Ban yi dariya ba sai daga baya.

Na kuma rage su zuwa goma sha biyar, iyakar abin da idona zai iya tsarewa. Wanda zai kwana ba na sakinsa; ina ɗaura masa dutse a dogon zare ya zauna inda na ajiye shi, ƙugiya biyu a jikin zaren, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Sakakku sai ina cikin ruwa tare da su, in zan fita su fita. Ina ƙirgawa da ƙarfi in na jefa, ina ƙirgawa in na kwashe, har yaran bakin ruwa suna kwaikwayona. Sarkin Ruwa ya sa samarin nan ma kowa ya yi tasa alamar.

Duk da haka ruwa ruwa ne. A ƙarshen daminar 2022, dam ya cika ya tumbatsa, wani dare na ga lamba tara ya yi ƙasa gaba ɗaya. Galan mai lita huɗu ba ƙaramin kifi ke nutsar da shi ba. Ya taso can nesa, ya ja dutsensa kamar ba komai, ya sake nutsewa, ya nufi wajen kututturan itatuwan da ruwa ya shanye. Muka bi shi da Baba har tocila ta mutu. Kwana uku ina nemansa, ban jefa ko ɗaya ba. Na bi gaɓa da ƙafa, na je rugage biyu na gaya musu in an ga galan mai jan almakashi kada yaro ya taɓa, a aiko mini. Uban yaron nan na same shi a ɗaya daga ciki, ya ba ni nono a ƙwarya na sha, yaron yana tsaye yana leƙena daga bayan ɗan maraƙi. Ban maye gurbin lambar ba. In ina ƙirga sai in ce takwas, in tsallaka in ce goma.

Watannin da suka biyo baya su ne na wahalar takardun kuɗi, farkon 2023, lokacin da mutum ke da kuɗi a banki ba shi da na cefane. Mu kifi ya riƙe mu: mai ɗakina tana ba da banda a ba ta gero, a ba ta manja, har mai faci da tarwaɗa biyu na biya shi. A cikin watannin ne kuma na haɗa kuɗi da Baba muka sake wa jirginsa katako, ya ce daga yau rabi nawa ne, tunda gwiwarsa ta fara ƙin sanyin asuba.

Cikin azumin shekarar, ruwa ya ja baya sosai, kututturan nan suka fito fili tsaye cikin busasshen laka. Wani yaro mai kiwon awaki ya zo ya ce ya ga almakashina. Na bi shi. Ga lamba tara rataye a jikin kututture sama da kaina, rana ta cinye fentin ya koma ruwan hoda, zaren ya naɗe itacen ya fi sau goma. A ƙarshensa ƙoƙon kan tarwaɗa ne, fari fat, faffaɗa, na ɗora tafin hannuna biyu a kai ban rufe shi ba. Ƙugiyar tana nan a muƙamuƙi.

Na kwance shi na kai wa Baba yana kwance a inuwa. Ya tashi zaune, ya auna ƙoƙon da taƙinsa, ya juya shi, ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce ramboshi ne, babban ɗan'uwan tarwaɗa, ba ita ba, kuma rabonsa da ganin mai wannan kai tun yana Yawuri. Na ce da mun same shi da ya yi kuɗin buhun gero. Ya ce da ya yi. Ya ciro ƙugiyar da yatsa, ya goga ta a dutse sau biyu, ya gwada tsinin a farcensa, ya miƙo mini.

"Ba abin da ta yi," ya ce. "Sake mata zare. Kuma ka wanke galan ɗin kafin ka mayar da shi ruwa."